Ranar da Na Sayo wa Likitoci Taure

Ni ne na kusa karya ƙungiyar likitocin Agadez da hannu ɗaya.

Shekarar fari ce, sojoji na mulki, albashi sai ya ga dama yake zuwa. Ƙungiyar ta yi sabon tsari, ta zaɓi Innata ma'aji. Aka ce ɗan abin da ya rage a asusu a sayi akuya mai ciki, 'ya'yanta su riƙa biyan man motar zuwa ƙauyuka.

Na bugi ƙirji na ce hutun da na yi a Ingall, garin makiyaya, ya mai da ni gwanin dabbobi. A kasuwa na zaɓi mafi girman ciki, na jawo ta har gaban taro.

"Tagwaye ne!" na ce.

Wani tsohon lokotoro, babba a cikin likitocin, ya sunkuya ya leƙa, ya ɗago a hankali ya dubi Inna.

"Hajiya, na daɗe ina karɓar haihuwa, amma ban taɓa karɓar ta taure ba."

Inna ta rufe fuska da gyale.

Ni aka ɗora wa kiwonsa. Ya yi ƙiba, aka sayar da shi gab da Sallah, aka sayo awaki biyu na gaske. Motar ta koma hanya.

Har yau in na wuce asibiti sai an ƙwala mini kira: "Ungozoma, yaya mai jego?"