Gaisuwar Suruki Daga Cikin Kwata

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gaishe da surukina ina kwance cikin kwata ba. Ko na so mantawa ma, mutanen Tudun Wada ba za su bar ni ba.

An sa ni cikin kwamitin ba da shawara kan hanyar masu tafiya a ƙafa da masu keke a nan Jos (har yau ban san wanda ya ba da sunana ba, ina dai zargin yawan surutuna). Namu shi ne mu zagaya, mu duba, mu ce ga inda ya kamata hanya ta bi. Komai ya tafi sumul sai da muka iso layin telolin unguwarmu. Teburansu da bencinansu sun cinye bakin titi, 'yan makaranta sai sun sauka tsakiyar kwalta suna kokawa da 'yan Napep. Muka roƙa a ja teburan baya kaɗan, shugaban telolin ya ce atafau. Shugaban nan kuwa Baba Alhaji ne, mahaifin matata.

"Wa ke hawan keke a garin da duk hawa da gangara ne?" in ji shi. "Ku nuna mini magidanci ɗaya tak, in ja."

Sai shugabar kwamitinmu, Madam Ngozi, tsohuwar malamar makaranta, ta waiwayo ni. "Oga, ba kai ka ce kana zuwa Naraguta da keke ba ka riƙe hannu ba?"

Na faɗa kuwa. Har na ƙara da cewa da buhun dankali a baya. Abin da ban faɗa ba shi ne, rabona da keke tun ina da gashi a ka, tun ina iya ganin yatsun ƙafata a tsaye.

Ranar Asabar na ari keken maƙwabcina. Da yake gaban suruki za ni, ba dama in sa gajeren wando, sai na zuba babbar riga mai sitaci da hula. 'Yan kwamiti suka biyo ni a ƙafa kamar masu rakiyar ango. Daga saman layin na saki keke. Wallahi da farko abin ya yi daɗi, iska ta cika rigar, na zama kamar tanti mai tafiya, har ina ɗaga wa mai shayi hannu.

Can na hango Baba Alhaji zaune kan benci cikin dattawa. To, mu dai an raine mu a kan ba a wuce suruki bisa abin hawa. Sauka ake yi, a tuɓe takalmi, a durƙusa. Matsalar ita ce jikina ya so yin ukun nan a lokaci guda. Ƙafa ta fara cire takalmi tun tana kan feda, gwiwa ta fara durƙuso, hannu ya manta inda birki yake. Bakin rigar ya shige sarƙa. Ga Napep a bayana yana zabga oda, ga teburin guga a gabana, tsakaninsu ko akuya ba za ta raɓa ba. Kwata ce kaɗai ta yi mini maraba.

Ina kwance, keke a kaina, taya na ta juyi, amma tarbiyya ba ta bar ni ba.

"Baba, ina kwana?"

Ya leƙo, fuskarsa ko gezau. "Lafiya lau. Ya iyali?"

"Suna gaishe ka."

A nan dattawan suka ɓarke. Wani har hularsa ta faɗi. Madam Ngozi ta iso tana haki, tana dariya, tana faɗa: "Baba, ka gani ko? Babban mutum kamar wannan bai samu wurin tsayawa ba, ina ga yara?"

Baba Alhaji ya dubi teburin, ya dubi titin, ya daɗe yana duba na. Sannan ya ce da abokan aikinsa, "Ku ja teburan nan baya, tun kafin kwamiti ya sa 'yata takaba."

Da kansa ya ɗinke mini rigar, yana ɗinki kafaɗunsa na rawa. Matata kuwa labarin ya riga ni isa wurinta, na tarar ta ɗora ruwan zafi tana share hawayen dariya.

Yanzu yara suna wucewa ta wurin abinsu, 'yan Napep kuma sun raɗa masa suna Masaukin Suruki. Ni dai na koyi darasi: ladabi abu ne mai kyau, amma a fara taka birki tukuna.