Yadda Nomau Ya Sayo wa Lantana Laftof

A garinmu Tsamiyar Kura, bayan masallacin Juma'a, akwai gidan Inna Delu. Su uku ne a gidan: ita, da babban ɗanta Nomau, da autarta Lantana. Ni maƙwabcinsu ne, katanga ɗaya ta raba mu, don haka abin da zan ba ku ba a bakin kasuwa na tsinto shi ba. Nomau mutum ne mai farar zuciya, ga ƙarfi ga biyayya, sai dai biyayyar tasa ita ce masifar. Abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. An taɓa ce masa ya riƙe akuya har Inna ta dawo daga unguwa, Inna ta zarce biki ta kwana biyu, ta dawo ta tarar da shi da igiya a hannu, shi da akuyar duk sun rame.

Lantana kuwa Allah ya ba ta kai. Ta karanta zanen gine-gine a birni, ta yi aure, ta dawo gida wankan jego da jaririyarta. Tana cikin jegon ne aikinta na farko ya faɗo. Hajiya Kuluwa, babbar mai sayar da hatsi, tana son a zana mata gidan sama. Ta ce ran Asabar za ta zo ta gani, in bai yi mata ba ta kai wa wani. Murna a gidan nan ba a magana, Inna har guɗa ta yi.

Wata rana, ranar Litinin ce, Lantana tana aiki da tsohuwar laftof ɗinta. Manhajar zanen gida ta fi ƙarfinta, da an juya gidan sai ta tsaya cik, ta ɗau zafi, fankarta tana kuka kamar injin niƙa. Jaririya ta farka, Lantana ta miƙa wa Nomau laftof ɗin ta ce, "Yaya, kai ta wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan nan, ta huce." Nomau ya zaga gida yana taɓa bango, yana taɓa ƙasa, ya shiga rumfa ya fito. Can ya dawo yana goge hannu a riga.

"Ina ka ajiye ta?"

"A randa. Na gwada ko'ina, babu kamar nan."

Ihun da Lantana ta yi, ni da ke ƙetaren katanga sai da na zubar da kunu. Aka tsamo laftof tana ɗigar da ruwa, ta riga ta yi sallama da duniya. Allah ya taimaka zanen yana cikin filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta. Nomau ya zauna a bakin randa yana hawaye, wallahi sai da ya ba ni tausayi. Inna ta ce a daina koke-koke, a sayar da saniyarta a sayo sabuwar laftof. Amma wa zai je birni? Mijin Lantana yana Fatakwal wurin aiki, maijego kuma ba ta fita sai ta yi arba'in, Inna ba ta ɗaga ƙafa a kan wannan. Aka duba aka sake dubawa, babu kowa sai Nomau.

Wata rana, wato washegari, Lantana ta rubuta masa takarda. Ta sa ram sha shida, ta yi masa bayani cewa shi ne yawan abin da kwamfuta ke iya riƙewa a kai lokaci ɗaya, ta kuma sa katin girafik mai kyau, wanda ke juya hoton gida ba gargada. Ta ce, "Yaya, ka nuna wa kowane mai shago takardar nan. Kada ka tsallake ko ɗaya." Nomau ya sa rigarsa ta sallah, ya hau motar farko yana ta ɗaga wa mutane hannu. Yana sauka a tasha ya fara da shagon da ke gabansa, na mai atamfa. Daga nan mai fura, mai tayar babur, mai aski. Wani mai kemis ya sa tabarau ya juya takardar ya ce, "Wannan maganin ya ƙare, amma akwai mai kama da shi." La'asar ta yi masa yana shago na tamanin da wani abu, ko warin layin masu kwamfuta bai ji ba. Ya dawo ƙafa duk ƙura, yana washe baki.

"Lantana, ban tsallake ko ɗaya ba! Gobe in ci gaba daga mai kifi."

Wata rana kuma, Laraba ke nan, Lantana ta haɗa shi da direban garinmu ya sauke shi a bakin layin masu kwamfuta. Kafin ya fita Inna ta ja shi gefe, don ita saniyarta take ji. Ta ce, "Mutanen birni ba a karɓar maganarsu ta farko. Duk abin da mai shago ya faɗa, ka ce masa ya rage." Nomau ya shiga shago ya miƙa takarda. Mai shago ya ɗauko laftof ya ce, "Malam, ga ta, ram sha shida."

"Rage."

Mai shago ya dube shi, ya ɗauko wata. "To ga mai takwas."

"Rage."

"Mai huɗu fa?"

"Haba Alhaji, rage mana."

A ƙarshe aka kakkaɓo masa wata 'yar mitsitsiya daga ƙasan kanta, irin wadda yara ke koyon ABCD da ita. Sa'ar da aka yi, murna ta sa ya kira gida kafin ya biya. Ya ce, "Lantana, albishirinki! Na matsa masa har ya dawo biyu!" Abin da Lantana ta faɗa a wayar nan ba zan maimaita ba, maijego ce, a yi mata uzuri. Ya dawo da kuɗin cif, Inna kuma ta wuni ba ta haɗa ido da kowa ba.

Wata rana, Alhamis, saura kwana biyu Hajiya ta zo. Lantana ba ta ko iya cin tuwon jegonta. Ta zaunar da Nomau ta damƙa masa filas ta ce, "Yaya, ka manta da duk abin da aka faɗa maka a baya. Gidan Hajiya da manhajar suna cikin nan. Ka sa a buɗe maka a laftof ɗin, a nuna maka yadda ake tafiya a ciki. Kada ka biya sai ka shiga kowane ɗaki. Ɗaki goma sha biyu ne." Ita nufinta ya ɗan leƙa ya ga ko tana tafiya. Ta manta da wa take magana.

Nomau yana isa layin masu kwamfuta ya faɗa hannun wani mai shago mai zaƙin baki, wai shi Ɗanliti. Ya ɗauko wata laftof siririya mai sheƙi, duk an manna mata takardun yabo. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ko jirgin sama za ka zana ba ta gajiya." Aka soka filas, gida ya bayyana, ga ƙofa ga tagogi ga bene. Nomau ya daka tsalle ya ce, "Allahu akbar! Ƙanwata ce ta gina!" Aka nuna masa maɓallan tafiya. Ɗanliti ya juya gidan sau biyu ya miƙo hannu, don kowa minti biyar yake gwadawa ya biya.

Nomau ya ja kujera ya zauna. Ya tsaya a ƙofar zaure ya yi sallama, ya ɗan jira kamar yadda tarbiyya ta ce, sannan ya shiga. Ya duba kusurwa huɗu, ya dubi rufi, ya fito. Ya je falo ya sake sallama. Ɗanliti ya ce, "Yallaɓai, ai ka gani."

"Biyu na shiga. Saura goma."

Yana ɗaki na biyar, wajen minti arba'in ke nan, laftof ta fara huci. A madafa ta ɗauke ɗif. Ɗanliti ya ce caji ne, ya ɗauko wata 'yar'uwarta. Nomau ya ce ai wannan sabuwar shiga ce, ya koma zaure ya sake sallama. Zuwa lokacin mutane sun fara taruwa, masu gyaran waya da masu wucewa, ana ƙirga ɗakuna tare da shi. "Shida! Bakwai!" Ta biyun ta kai shi tsakiyar matakala ta daskare, hoton ya tarwatse. Wani mai gyara ya karɓa ya buɗe bayanta, ya ce cikinta tsoho ne, an dai sake mata riga an manna takardu. Aka sa ihu. Ɗanliti ya ce yana zuwa, zai yi alwala, ba a sake ganinsa ba ranar.

Wata mai shago a gefe, Malama Saude, wadda ba ta kiran kowa, ta ce, "Malam, zo ka gwada wannan." Tata mai kauri ce, baƙa, ga nauyi, ba ta da kyan gani ko kaɗan. Nomau ya sake farawa daga zaure, taron nan duk ya biyo shi. Ya wuce madafa lafiya, aka yi tafi. Ya hau bene, aka yi kabbara. Awa biyu yana yawo a gidan nan laftof ko tari ba ta yi ba. "Tara! Goma! Sha ɗaya!" Sai aka ga ya tsaya. Ya zaga ta dama, ya zaga ta hagu, ya sauko ƙasa ya sake zagawa. Malama Saude ta ce, "Ai ta ci jarrabawa, Malam."

"Ba zan biya ba. Akwai ɗakin da ban shiga ba."

Ya kira gida. Ya ce, "Lantana, ɗakin nan na ƙasa kusa da madafa, ta ina ake shiga? Bango ne ta ko'ina." Ina tsakar gidansu lokacin, na ga fuskarta ta canja. Ta dafe kai. Ɗakin mahaifiyar Hajiya ne, tsohuwar da ba ta iya hawa bene. Lantana ta matsar da bangonsa ranar da jaririya ta hana ta sakat, ta manta ba ta mayar da ƙofar ba. Ta ce, "Yaya, na gode, ka biya ka taho, zan gyara."

"Kin ce sai na shiga kowane ɗaki."

Babu yadda ba ta yi ba, ya ƙi. Dole ya ba Malama Saude wayar, Lantana tana faɗa, Malama Saude tana dannawa, har ƙofa ta fito a bangon. Nomau ya gyara hula ya ce, "Salamu alaikum." Taron nan kaf suka amsa masa, "Wa alaikumus salam!" Ya shiga ya duba kusurwa huɗu, sannan ya zaro kuɗi ya biya.

Ran Asabar Hajiya Kuluwa ta iso da motarta, aka shimfiɗa mata tabarma a rumfa. Lantana ta buɗe baƙar laftof, gida ya taso yana juyawa sumul. Ta fara bayanin falo, Hajiya ta ɗaga hannu.

"Bar falon nan, 'yata. Don tsohuwata nake ginin nan. Fara kai ni ɗakinta in ga ta inda za ta shiga."

Lantana ta kai ta har bakin ƙofar, ta shiga da ita ciki. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Madalla. Ga shi kusa da madafa, ba hawa ba sauka. Aiki naki ne." Inna ta rangaɗa guɗa. Lantana ta juya tana neman yayanta, idonta ya cika da hawaye. Yana can bakin rumfa a tsaye, ya tuɓe takalmi, ransa a ɗan ɓace.

Ya matso ya rage murya ya ce, "Lantana, ɗakin tsohuwa ne fa. Kun shiga ba ku yi sallama ba."