Furen Hannu na Hajiya Marylebone

Duk faɗin Landan babu macen da ta kai Hajiya Badariyya wayewa. Ita da kanta ta faɗa, kuma har yau ba a samu mai ƙarfin halin musa mata ba. Shekararta goma sha ɗaya a flat ɗin council, gidan haya na gwamnati, a Thamesmead, hawa na bakwai, amma in an tambaye ta unguwarsu sai ta ce, "Can ta wajen Marylebone." Unguwar masu kuɗi ce, kuma bas ɗaya ne da jirgin ƙasa biyu tsakaninta da gidan Hajiya. Matan unguwa suka laƙaba mata Hajiya Marylebone, ita kuwa ta karɓa kamar an naɗa ta sarauta.

Da 'yarta Humaira ta gama sakandare, makaranta ta shirya musu liyafar da suke kira prom, inda kowace yarinya ke ɗaura ɗan fure a wuyan hannu. Humaira ta nuna wa uwar wanda take so a waya: fure ɗaya, ganye biyu, ɗan zirin ƙyalle.

"Wannan ai na marasa gata ne," in ji Hajiya. "Ni da na yi course a kan fure zan sayi na shago? A gidan nan za a yi shi, da hannuna."

Gaskiya ne ta yi course. Na yini ɗaya ne a laburaren unguwa, kuma ana gama shan shayi ta tafi, don ta lura malamar ba ta kai ta ba.

Jajibirin liyafar ta dawo da fararen furanni cike da jaka biyu. Ta aika aka kira maƙwabciyarta Suweiba, wai ta zo ta ƙaru. Ta zauna da almakashi da gam tana jawabi.

"Kin ga, Suweiba, fure kamar mutum ne, yana gane mai aji. Bature in ya ga fari, ya san an yi biki."

Ta liƙa na farko, ya yi mata kaɗan. Ta ƙara shida. Gefe guda ya karkata, ta ƙara wa ɗayan. Da abin ya ƙi tsayuwa sai ta warware wayar rataye kaya ta lanƙwasa ta zobe, ta jera furannin a kewaye. Gam ya haɗe mata yatsu biyu, ta ce haka ƙwararru ke riƙe almakashi. Kafin la'asar abin ya kai faɗin farantin tuwo. Suweiba ta buɗe baki za ta yi magana, Hajiya ta ce ɗaliba ba ta katse malama.

Washegari aka ɗaura wa Humaira. Hannun ya saki ƙasa, sai da ta tallafe shi da ɗayan. Ta ce, "Mummy, please," idonta ya ciko. Hajiya ta ce farin ciki ne.

Suka sauko jiran mota, Hajiya na ɗaukar bidiyo don matan group. Sai ga wani tsohon Bature na hawa na biyu. Ya dubi hannun Humaira, ya tsaya cak, ya cire hularsa ya dafe ƙirji.

"Kin gani?" Hajiya ta ce wa Suweiba. "Har hula ake cire wa aikina."

Tsohon ya matso, ya yi ƙasa da murya, ya yi musu ta'aziyya, don a wurin Turawa irin wannan zoben fure na jana'iza ne. Ya tambayi wa ya rasu, kuma ƙarfe nawa za a kai shi.

Hajiya ta sauke wayar. Humaira ta kwance abin a nutse, ta zare fure ɗaya ta soka a awarwaronta, ta miƙa wa tsohon sauran. Ta san duk Lahadi yana zuwa kabarin matarsa.

Ya juya shi a hannu, ya yaba aikin ƙwarai, sannan ya mayar wa Hajiya. Ya ce maƙabartar tasu ba ta yarda a ajiye mai girma haka ba.