Alhaji Hogad na Funtuwa

Wani mutum ne a Funtuwa, Alhaji Barau dillalin auduga. Cika baki kam, ko ganga ta sallama masa. Sau ɗaya ya taɓa leƙa Ingila, amma har shekara ta zagayo bai gama dawowa ba. Ko kunu aka miƙo masa sai ya ce, "A Landan ba haka ake damawa ba."

A can ya yi abota da wani Bature mai sayen auduga, Mista Hogad. Sai kawai ya ari sunan ya yafa. Ya rubuta a mota, ya rubuta a ƙofar gida: Alhaji Barau Hogad.

Mutane suka riƙa tambayarsa, "Alhaji, me sunan ke nufi?"

"Sarautar yaƙi ce! Kamar a ce Madawaki. Ba kowa suke ba ba."

To, zaɓen shugaban dillalai ya matso, takara tsakaninsa da Alhaji Sallau. Ana haka sai ga Baturen ya zo Funtuwa. Barau ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya yanka raguna, ya tara dillalai kaf har da liman, ya ɗauko maroƙi. Baturen ya iya Hausa, don ya taɓa zama a Zariya.

Ana tsakiyar cin nama, Alhaji Sallau ya gyara zama.

"Bature, wane yaƙi kakanninka suka ci aka ba su sunan nan?"

Barau ya yi wuf: "Ci nama, Bature, zai huce!"

Ina! Bature ya washe baki.

"Yaƙi? A'a. Mu sunanmu daga sana'a yake fitowa, kamar ku ce Maƙeri ko Wanzami. Kakana na farko makiyayi ne."

Barau ya sauke ajiyar zuciya. "Kun ji ko? Dukiya! Shanu ko dawaki?"

"Aladu," in ji Bature. "Hogad, mai kiwon aladu. Na ji daɗi ƙwarai da ka ɗauka."

Liman ya ajiye tsokar da ke hannunsa a hankali. Gumi sharkaf, babbar rigar Barau ta manne masa. Ya harari maroƙi, wai ya faɗi wani abu ya rufa asiri.

Maroƙi ya kame kunne ɗaya, ya wage murya:

"Sai kai, Alhaji Hogad! Mai garken da ba a layya da shi!"