Alhaji Kotun Ƙoli da Shari'ar Hita

Allah ya yi wa mutanenmu na Greensboro, can Amurka, gata da ya ba su Alhaji Hamissou. Ya daɗe yana gadin wurin fakin motoci a daura da kotu, har lauyoyi na ɗaga masa hannu. A nan ilimin shari'a ya shige shi, ta tagar rumfa. Shi ya sa ake ce masa Kotun Ƙoli, kuma yana amsawa.

Da aka ƙara kuɗin wuta a hunturun bana, rigima ta tashi a wani gida bayan titin Gate City. Habibou direba yana sama, Tchima mai kitso tana ƙasa da tsohuwarta, Mama Oumaima. Mita ɗaya, hitar ɗumama gida ɗaya. Habibou ya ce a rage hita. Tchima ta ce sanyi na kwantar da tsohuwa.

Alhaji bai jira gayyata ba.

"Wannan ba maganar gida ba ce," in ji shi. "Maslahar al'umma ce. Doka ta bar wa alƙali ya duba."

Ya kuwa duba. Ran Juma'a ya ci dambun Tchima, sai doka ta ce a ƙara hita. Ran Asabar Habibou ya kai shi gyaran mota kyauta, sai doka ta sake tunani. Ran Lahadi Tchima ta gaishe shi a tsaye, ba ta rusuna ba. Nan take ya rage hita har ƙasa, ya manna salatif a kan maɓallin, ya ce hukunci ya zauna, ba ɗaukaka ƙara.

Tsohuwa ta shiga tari.

Ran Talata ya zo da babbar riga mai sitati, wai zai karanta dalilan hukunci. Tchima ta ajiye masa kujera a bakin ƙofa, inda iska ke shigowa. Ya fara da tarihin wutar lantarki. Kafin tarihin ya iso Amurka, hancinsa na zuba. Ya cusa hannuwa a hammata, haƙora na kaɗawa, ya ci gaba.

Can ya sunkuya ya ce, "Tchima, ko akwai ɗan bargo?"

Mama Oumaima ta leƙo daga cikin nata. "Ɗaya ne, Alhaji, ina ciki. Ko za ka kai ƙara?"

Habibou, da ya sauko sauraro, ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Alhaji ya miƙe da ƙyar, ya gyara hula. "Sabuwar shaida ta bayyana a gaban kotu," in ji shi. Ya ɓare salatif da hannunsa, ya murɗa hita fiye da yadda Tchima ta taɓa roƙa.

Tsohuwa ta miƙe ƙafa, ta yi hamdala.

"'Yar nan," ta ce, "gobe ma ki gayyato shi. Amma ki buɗe taga tukuna."