Mutumin da Ba a Taɓa Ce Masa Sannu da Aiki Ba

Wani ne a Jimeta, sunansa ya ɓace mini. Ɗazu ma yana bakina. A Gwadabawa yake, ko kuwa Rumde? Rumde ne, don na tuna ana hango kogi daga bayan gidansu.

Mutumin nan tun da aka haife shi ba a taɓa ce masa sannu da aiki ba. Kun san kowa da irin gaisuwarsa. Mai noma, sannu da aiki. Mai ɗinki, sannu da aiki. Shi kuwa kullum yana kan benci a ƙofar gida, wanda ya wuce sai ya ce, "Sannu da hutawa." Ya ce, "Yauwa." Matarsa Zulfa ce ke tuyar ƙosai, gida yana ci.

To, shekarar da mutanen daji, 'yan tada ƙayar bayan nan, suka shiga Mubi, jama'a suka gudo Yola, sai ga surukinsa, mahaifin Zulfa, wani tsohon maƙeri ana ce masa Ɗanburam. Ya baro maƙerarsa da zugazuganta, ya iso da riga ɗaya. Da can suruki ba ya kwana gidan mijin 'yarsa, amma gudun hijira bai san kunya ba.

Tsoho ya yi kwana bakwai yana kallo. Ran na takwas, ranar Litinin, ya kira shi.

"Kai, tun da na zo nake kasa kunne. Ban ji an ce maka sannu da aiki ba."

"Baffa, mutanen unguwar nan ba su iya gaisuwa ba ne."

"To ka ji. Daga yau zuwa Juma'a, in ban ji da kunnena wani ya ce maka sannu da aiki ba, zan kai 'yata wajen ƙanena a Yola Gari. Ka ci bencin."

Hankalin mutumin ya tashi, don yana son Zulfa, yana kuma son ƙosai.

Da safe ya aro fartanya, ya tsaya a ƙofar gida ya saɓa ta a kafaɗa, tsoho na zaune yana jan carbi. Sai ga maƙwabcinsu Malam Silas, malamin firamare, zai tafi makaranta.

"Sannu da hutawa," in ji Silas. "Mai fartanyar ya zaga bayan gida ne?"

Mutumin ya matso ya rage murya. "Malam Silas, don girman maƙwabtaka, ka ce mini sannu da aiki."

"Haba maƙwabci! Ni dattijon coci ne. In yi ƙarya, kuma da sassafe?"

Ranar Laraba, ko Talata ce? Laraba. Ya tafi bakin kogi ya cika buhu da yashi, ya ɗora a ka. Ya zo ya wuce ta gaban tsoho yana nishi. Ba wanda ya tanka. Ya kai ƙarshen layi ya juyo. Ya sake wucewa. Sau bakwai.

Ku da kuka ga lokacin kun san abin da buhu yake nufi a shekarun nan na tashin bama-bamai. Mai shayi ya bar tukunya a wuta. Mai shago ya ja ƙofa. Wani liman da ke cikin alwala ya gudu da ƙafa ɗaya a wanke. Kafin a jima maharban da ke gadin unguwa suka kewaye shi daga nesa.

"Ajiye buhun a hankali! Mene ne a ciki?"

"Yashi ne."

"Ina za ka kai?"

"Ba ko'ina."

"Wa ya aike ka?"

"Ba kowa. Aiki nake."

Aka zazzage buhu, yashi ne har ƙasa. Haushi ya kama su. Suka sa ya kwashe yashin da hannu ya mayar, ya ɗora a ka, ya yi tsallen kwaɗo daga nan har bakin titi, ya dawo.

Da la'asar maƙwabta suka cika gida suna jaje. Wannan ya ce, "Sannu da wahala." Wancan ya ce, "Sannu da arziki." Mutumin yana kwance, ya ɗaga kai da ƙyar ya dubi tsoho.

"Baffa, ka ji dai? Wahala suka ce. Ai 'yan uwan juna ne."

"Jakin da aka ɗaure a rana ma wahala yake sha," in ji tsoho. "Saura jibi."

Ranar Juma'a tun da hantsi mutumin ya ɗauki diga da shebur. Ya ce yau kam ko makaho ya ga aiki. Ya fara haƙa rami a ƙofar gida. Kada ku tambaye ni ramin mene ne, shi ma bai sani ba. Ya haƙa, ya haƙa, da gaske fa, gumi har cikin ido. Sai dai a lokacin layin ba kowa, duk an tafi kasuwa da ofis. Tsoho ya ja benci ya zauna a bakin rami yana leƙawa, ƙasa na zubo masa a riga. Shebur ɗin da mutumin ya cillo waje ya faɗi kusa da ƙafarsa.

Kafin a sauko daga masallaci ramin ya shanye mutumin, ko hularsa ba a gani. Jama'a suka fara dawowa. Abin da suka gani, tsoho ne buɗu-buɗu da jar ƙasa, ga tulin ƙasa a gefe, ga shebur.

"Kai! Sannu da aiki, Baffa!"

Tsoho ya gyara zama. "Yauwa, aiki da godiya."

"Sannu da aiki, tsoho mai ran ƙarfe!"

"Yauwa, yauwa. Da sauƙi."

Daga ƙarƙashin ƙasa aka ji murya. "Jama'a, ni ne fa! Ni ke aikin!"

Malam Silas ya leƙa. "Af, maƙwabci! Har ka sa baƙo ya haƙa maka wurin sanyi? Sannu da hutawa."

"Baffa!" Mutumin ya kwarma ihu. "Don Allah ka gaya musu gaskiya! Yau ce Juma'a, kada ka raba ni da Zulfa!"

Tsoho ya duba hagu, ya duba dama, ya sunkuya bakin ramin.

"Rufe mini baki ka ci gaba da haƙa. Tun da na baro Mubi ba wanda ya yi mini wannan gaisuwa sai yau. Zulfa na nan, amma ranar da ka fito, ranar zan tafi da ita."