Rasuwar Sai-Gaba, Motar da Ba Ta Ja da Baya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da farce mai cike da baƙin mai, Mai Agogo na bakin kasuwa, a madadin kansa da iyalinsa, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motar gidansu, wadda unguwa ta fi sani da Sai-Gaba. Ta cika ranar Talata da hantsi a garejin bakanike, a bakin ramin gyara, bayan doguwar jinya ta kuloci da giya. Shekarunta a duniya babu wanda ya san adadinsu, domin takardunta ɓera ya riga kowa karantawa. A hannun Mai Agogo dai ta yi shekara goma sha tara cif.

Marigayiya mota ce mai kunya da kawaici. Ba ta taɓa wuce na gaba da ita a hanya ba, ko da keke ne. Ba ta tashi da safe sai ta gaisa da kowa: kiri-kiri-kiri, ta yi shiru, kiri-kiri, ta yi tari biyu, sannan ɓuuum, kajin maƙwabta su watse. Hon ɗinta ba ya tsorata kowa, ƙwaaat kawai yake cewa, kamar an taka agwagwa. In ruwan sama ya sauko kuwa, ba ta nuna bambanci tsakanin na ciki da na waje, kowa sai ya samu rabonsa. Amma halin da ta yi suna da shi, wanda ya jawo mata laƙabi, shi ne ba ta ja da baya. Akwai wata magana game da wannan hali da Mai Agogo ya so a binne tare da ita. Uwargida, wadda ke tsaye a kansa yana wannan rubutu, ta ce bai isa ba.

Asalinta motar surukinsa ce, mahaifin Uwargida, dattijon da bai taɓa bari wani ya taɓa masa sitiyari ba. Da ya rasu aka raba gado, mota ta faɗo a rabon Uwargida. Ranar da aka je ɗaukowa dangin Uwargida sun cika tsakar gida, yayye da ƙanne da gwaggonni, kowa ya zuba wa Mai Agogo ido. Shi kuwa bai fi wata biyu da koyon tuƙi ba, amma mutum ne da ya daɗe yana buɗe cikin agogo, ya kuma sha faɗa a bainar jama'a cewa duk abin da ke da haƙori yana juyawa ɗan gidansu ne. Mota tana fuskantar bango. Ya shiga, ya taka kuloci, ya ja sandar giya inda yake zaton ribas yake, ya saki. Mota ta yi tsalle gaba ta tunkuyi duron ruwa. Ya sake, ta sake tunkuya. A karo na uku wata gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya, kuma wallahi wannan dariyar ce ta jawo komai. Mai Agogo ya fito, ya kara kunne a jikin mota yadda yake yi wa agogo, ya girgiza kai, ya ce, “Ribas ɗinta ya mutu. Haƙori biyu sun karye, ga su nan ina ji.” Dangi suka jinjina kai, aka ce kai, ilimi da daɗi. Aka taru aka turo ta waje da hannu.

Tun daga ranar rayuwar gidan ta koma fuska ɗaya. In ya wuce kwanar gida da taku goma, sai an zagaye unguwa, a wuce makaranta, a wuce gidan mai, sannan a dawo. Ba ya ajiye ta inda akwai bango a gaba, ko bishiya, ko motar wani. Har ya mai da abin alfahari, yana gaya wa masu kawo gyaran agogo cewa motarsa halinsa ta ɗauko, in ta sa gaba ba ta waiwaye. Bakanike kuwa bai taɓa zama a kujerarta ba. In gyara ya kama, Mai Agogo ne zai shigar da ita, ya tsaya a kai da gilashin duba agogo maƙale a ido, yana ba da umarni.

Sai dai gidan ƙofa ɗaya gare shi, tsakar gidan kuma ba ta juyuwa. Da yamma Sai-Gaba ta shiga da kai, da safe dole ta fita da baya. Nan aikin Uwargida ya samo asali. Kullum bayan karin kumallo sai ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta tsaya a gaban mota, ta kafa tafin hannu biyu a kan bonet, ta tura. Shi yana ciki riƙe da sitiyari, yana leƙowa ta taga: “Ƙara kaɗan, Maman yara. Yawwa. Da ƙarfi mana.” Ta taɓa tambaya me zai hana shi ya tura ita ta riƙe, ya ce sitiyari ba abin wasa ba ne, sai wanda ya san cikin inji. Ta tura da goyo a baya. Ta tura cikin ruwan sama. Ta tura har ranar da za a kai ta asibiti saboda ciwon baya, sannan ta zagayo ta shiga. 'Ya'ya huɗu sun taso sun taya, suka yi ƙwanji, suka watse ɗaya bayan ɗaya, aiki ya dawo wa mai shi. Duk wanda ya duba bonet ɗin marigayiya zai ga wuri biyu da shuɗin fenti ya koɗe har ƙarfe ya fito, daidai faɗin tafin hannun mace.

Ciwon ajali ya shigo ne a hankali. Da farko in an taka totur sai inji ya ɗau kuka, wuuuuu, kamar za a tashi sama, mota kuwa mai tallan ruwa na wuce ta a ƙasa. Sai wari ya biyo baya, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Sai giya ta biyu ta fara gardama, in an nemi shiga ta ce gurrr-ƙarrr, har masu tafiya a gefen titi su runtse ido. Ta uku tana shiga, amma da an hau gargada sai ta tofo sandar ta koma firi, dole Uwargida ta riƙe mata wuya daga kujerar gefe. Mai Agogo ya yi iya ƙoƙarinsa, Allah shaida. Ya ɗaure wayar kuloci, ya sassauta, ya sake ɗaurewa, ya ɗiga man agogo a duk inda ya ga rami. Ranar Litinin a hawan gada, cikin cunkoso, ta yi kuka mai tsawo ta tsaya cak, hayaƙi na fita ta ƙarƙashinta. Janwe, motar jan motoci, shi ya kai ta gareji.

Washegari Mai Agogo da Uwargida suka je dubiya. Bakaniken dattijo ne mai ƙarancin magana, ya ce ba zai san ciwon ba sai ya zauna a ciki. Mai Agogo ya fara kame-kame, Uwargida ta ce, “Malam, ba shi makulli.” Ya ba shi. Bakanike ya ja birkin hannu, ya tayar, ya sa giya ta uku, ya saki kuloci a hankali. Ya ce da mai lafiya ce, nan take inji zai mutu. Wannan kuwa inji ya ci gaba da kukansa kamar ba da shi ake ba.

“Faifan kuloci ya cinye,” in ji bakanike. “Wa ke barin ƙafa a kan kuloci yana tafiya?”

Mai Agogo ya duba agogon hannunsa.

Sai bakanike ya ce bari ya matsar da ita baya kaɗan, ta daidaita da bakin rami. Da jin haka Uwargida ba ta jira an ce mata komai ba. Ta ajiye jaka, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta zagaya gaba, ta miƙa hannu biyu. Mai Agogo ya buɗe baki zai yi bayanin haƙoran nan biyu. Bakanike ya ɗora tafin hannu a kan sandar giya, ya danna ta ƙasa, ya tura gefe. Ƙwas. Wata farar fitila da ba a taɓa sanin tana nan ba ta kama a bayan mota. Sai-Gaba ta yi nishi, ta yi rawar jiki, ta janye daga hannun Uwargida, ta tafi baya da ƙafarta: taku ɗaya, biyu, uku. A na huɗu faifan ya ƙarasa, wari ya turnuƙe, ba ta sake motsi ba. Nan ta cika.

Uwargida ta daɗe a tsaye hannu a miƙe, babu abin turawa. Can ta ce, “Bawan Allah, me ka yi mata?”

“Ribas na sa, Hajiya. Irin waɗannan sai an danna sandar ƙasa yake shiga. Ai ga zanen ma.” Ya zare rigar fatar da marigayi suruki ya ɗinka wa kan sandar. Zanen yana nan kuwa, da 'yar kibiya tana nuna ƙasa.

An sauke giyabos, wato akwatin giya, aka buɗe. Man da ya fito baƙi ƙirin, garin ƙarfe na ƙyalli a ciki. Faifan kuloci ya cinye har ƙusoshi. Haƙoran giya ta biyu da ta uku sun zube kamar bakin tsohuwa. Bakanike ya zaga duk masu sayar da kayan gyara, aka ce masa irin nata an daina haihuwarsu. Abu ɗaya ne ya fito lafiya lau, sabo fil: giyar ribas. Mai Agogo ya roƙa a ƙirga haƙoranta a bayan gareji. Uwargida ta zaro gilashin duba agogo daga aljihunsa, ta maƙala a ido, ta ƙirga da ƙarfi gaban kowa, har sau biyu. Ko ɗaya bai karye ba.

Mai Agogo ya shirya wa faɗa, kuma da faɗan aka yi da ya fi masa sauƙi. Kwana uku Uwargida ba ta ɗaga murya ba. Tana kawo masa abinci ta ajiye, sannan ta fita da baya-baya, tana kallonsa har ta ɓace a ƙofa. Mutum ya rame. Mota ta tafi ya haƙura, amma wannan shirun yana neman ya bi da shi. Jiya ya tattara ƙarfin hali ya ce, “Maman yara, ki yafe ni. Wallahi ban sani ba.”

Ta ce, “Rashin sani ban riƙe ka da shi ba, Malam. Tambaya ce ka ƙi yi, shekara goma sha tara, don kada a yi maka dariya. Ni kuwa bayana ne ya ɗauka.”

Ta ce yafiya tana nan, amma da sharaɗi biyu: ya rubuta gaskiya a sanarwa da hannunsa, kuma ita za ta tsara rakiya. Na farko ga shi an cika.

Marigayiya ta rasu ta bar safaya ɗaya, wadda rabonta da iska tun zamanin suruki, da jak mai ciwon ƙafa, da rediyo mai kama tasha ɗaya, shi ma sai an sha kwanar hagu. Ta bar dutsen da ake tare tayarta da shi, yana nan a ƙofar gida bai san abin da ake ciki ba. Ta bar 'ya'ya huɗu masu ƙwanji, waɗanda duk sun bugo waya, kuma babu wanda ya iya ƙarasa gaisuwa saboda dariya. Ta kuma bar giyar ribas, wadda aka wanke da fetur aka ɗora a kan talabijin a falo, daidai inda mai karɓar gaisuwa zai riƙa ganinta. Gwaggon nan ma tana nan da ranta, ta aiko a ajiye mata kujerar gefe.

Janwe ya dawo da gawa gida, an shigar da ita da kai kamar yadda ta saba. Za a yi rakiya ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, daga tsakar gida zuwa filin 'yan gwangwan da ke ƙarshen unguwa. Da baya-baya za a kai ta, a bi ta gaban makaranta da gidan mai. Uwargida ce za ta riƙe sitiyari, da ma motar ubanta ce. Mai Agogo ne zai tura, shi kaɗai. Ana roƙon jama'a su tsaya gefen titi, kada kowa ya sa hannu, domin duk wanda tausayi ya ɗebe shi ya taimaka, za a koma gida a faro daga farko. An dai yarda a riƙa ce masa “ƙara kaɗan.”

Ya tambaya a ina zai kama. Uwargida ta ce ba sai an nuna masa ba. Da safiyar yau ya je ya gwada, ya ɗora tafukansa a wuraren nan biyu da fenti ya koɗe, ya ji yadda ƙarfen ya yi santsi, ya daɗe a haka bai iya ɗagowa ba. Da ya ɗago, ta cikin gilashi ya hango ta zaune a kujerar direba tana gyara madubi.

Ƙarfe goma daidai za a tashi. Ta ce kada ya yi sauri.